Sirdin Keken Alhaji Garuba

Salaga, 9 ga Rajab, 1987

Daga Alhaji Garuba Mai Loroci, shugaban fataken doya daga Salaga har Kumasi, wanda ya taka Makka sau huɗu, zuwa ga Malam Mahama baduku, Zongon Yendi.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da basillarka.

Ba ka san ni ba, kuma ba laifinka ba ne, don ba na yawan fitowa rana. Amma ni na san ka. A Kumasi na fara jin sunanka, a Makka ma wani mutumin Gushegu ya ambace ka muna layin Zamzam. An ce daga Yendi har bakin Volta babu hannu irin naka wajen ɗinkin sirdi. An kuma ce kana da taurin kai, kana barci a rumfa bayan azahar baki buɗe. Wannan na ƙarshen ban yarda ba.

Ga bukatata. Likita ya ce in rage zaman mota in riƙa motsa jini, sai na sayi keke. Keken ba shi da aibu sai sirdinsa, wanda Bature ya ƙera don mutanen da ba su da abin zama. Ni kuwa Allah ya yi mini baiwa ta wannan fannin. Ina so ka yi mini sirdin keke irin wanda ya dace da babban mutum. Ga ƙarfen tsohon sirdi nan a hannun Issah direba, ka ɗora aikinka a kai.

Na ji an ce ka taɓa faɗa a gaban jama'a cewa hannunka ba zai taɓa keke ba, wai ƙarfe ne marar numfashi. In haka ne ka gaya mini da wuri, in kai aikin Bolga wajen yaran da ke ɗinka wa Turawa jaka.

Kada ka zo Salaga nemana, ba na zama wuri ɗaya. Amsa ta biyo Issah, ya san inda zai ajiye.

Ka huta lafiya, amma ba a rumfa ba.
Alhaji Garuba

*

Yendi, 24 ga Rajab

Zuwa ga mai girma Alhaji Garuba. Allah ya ƙara girma, ya tsare dukiya da iyali, ya maimaita Makka.

Bayan gaisuwa da ban girma, takardarka ta iso ni ranar Talata. Na karanta, na kuma sa maƙwabcina ya sake karanta mini, don idona ya fara yi mini gardama da ƙananan baƙaƙe. Maganar barci, maƙiya ne. Maganar keke kuwa na faɗa, amma yara na faɗa wa, ba irinku ba.

Alhaji, ba zan ɓoye maka ba. Shekara biyu ke nan rabon da wani ya tsaya a rumfata ya ce in yi masa sirdi. 'Yan dawakin da suka rage a garin nan, masu su suna lallaɓa tsofaffin kayan da na yi wa iyayensu. Ni kuma sai gyaran takalmi da kuben wuƙa. Ranar da takardarka ta zo na wasa wuƙata, na je da ƙafata na zaɓo fatar akuya.

Ga shi na aiko. Na yi masa kwacciya, wato tudun da ke tokare mahayi, gaba da baya yadda babban mutum zai zauna ya kafu, na cika shi da audugar rimi, na zuba masa geza. In akwai abin da bai yi ba, a faɗa mini kai tsaye, ba a jin kunyar baduku.

Sai wata alfarma. Ina da jika a nan Salaga, Sumaila, yana gyaran keke kusa da tasha. Bai taɓa rubuto mini ko layi ɗaya ba, in ya zo kuma sai tsokana, wai shi ne mijin kakarsa, ni ɗan haya ne. Amma hannunsa yana da kyau, bakinsa ne ya yi yawa. In kekenka ya samu matsala ka gwada shi. Kada ka ce ni na faɗa.

Allah ya ja zamaninka.
Mahama baduku

*

Salaga, 2 ga Sha'aban

Yaya Fulera, salamu alaikum. Ina gida, ina yara, ina Bawku da albasarta? A gaida maigida da Kawu Osman.

Ki zauna kafin ki karanta. Na kama tsohon nan namu na Yendi a hannu. Kin tuna Sallar bara da Kaka ya ce a gaban abokaina sana'ata ba sana'a ba ce, wai wanzanci nake yi wa ƙarfe? Na ce a raina sai na sa shi ya yi wa keke aiki da hannunsa. To na rubuta masa takarda da sunan wani Alhaji Garuba, mutumin da ko uwarsa ba ta san shi ba, don ba a haife shi ba. Kaka bai san rubutuna ba. Issah direba kuwa na ce masa ni ɗan aiken Alhajin ne, bai tambayi komai ba.

Yaya, sirdi ya iso. Sirdin doki ne sak, an dai ƙanƙanta shi. Ja wur, da kwacciya a gaba tsayin tafin hannu, da geza har tana shafar taya. Kuma tsufa ya sa ya manta bai ɗinke gefe ɗaya ba, ya bar baki kamar yatsa huɗu, ya ɗan kama da zare, auduga na leƙowa. Na liƙe da solushan.

Na ɗaura wa Aruna mai sayen doya, don duk tasha ba wanda ya kai shi faɗin mazaunai. Ya hau, ya zaga kasuwa yana ɗaga wa mata hannu. Da ya zo sauka a gaban masallaci, rigarsa ta sarƙe a kwacciya, shi da keken suka kwanta tare. Bai ji ciwo ba, sai dai abin da ya fito daga bakinsa ba na ƙofar masallaci ba ne. Kafin la'asar akuyar liman ta cinye gezar gefe guda.

Amma da na ce ya kawo in cire, ƙi ya yi. Ya ce in dai za a sare ƙahon nan na gaba, bai taɓa zama a kan abu mai daɗi haka ba. Wai ya je Makango ya dawo, bayansa bai ce masa komai ba.

Nufina in bari sai Sallar azumi. In mun haɗu a Yendi in turo keken har tsakar gida, in ce Alhaji Garuba na gaisuwa. Sai dai abu ɗaya. A takardarsa ya ce wa Alhajin hannuna yana da kyau. Ni bai taɓa faɗa mini ba. Na sake karanta wurin nan ya fi a ƙirga, dariyar ta ƙi zuwa.

Ƙaninki,
Sumaila

*

Bawku, 11 ga Sha'aban

Sumaila, wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ban yi dariya ba.

Kana Salaga ba ka san abin da ake ciki ba, don ba ka tambaya. Tun watan jiya Kawu Osman ya gyara wa Kaka ɗaki a nan. An gama magana cewa bayan Babbar Sallah zai rufe rumfa, ya ba da kayan aikinsa, a kawo shi Bawku ya zauna. Da bakinsa ya yarda, ina wurin. Ya naɗe basillunsa a tsumma ya tura ƙarƙashin gado. Kwana uku ba ya cin tuwo sai koko, ko tsokanar matarsa Kaka Damata ya daina. Kai ma ka san in ya daina wannan, abin ya kai.

Makon jiya Kawu ya je Yendi, ya tarar da shi a rumfa tun hantsi yana ƙananan waƙoƙi. Ya ce wa Kawu a ba wani ɗakin, shi yana da babban mutum a Salaga. Ya ciro takardarka daga aljihun gaba ya nuna masa. A nan take kwana.

To ka ji. Wasan jika da kaka kowa ya san shi. Ka ɓoye masa hula, ka ce za ka ƙwace masa mata, ba mai ce maka kanzil. Wannan ba shi ba ne. In ka tura keken nan tsakar gida ka yi abin da ka ce, a gaban mutane, ba zai sake taɓa basilla ba. Kuma ba faɗa zai yi maka ba, shiru zai yi, ya shigo motar Bawku.

Ban san ta inda za ka fita ba. Abin da na sani, kada Alhajinka ya yi shiru yanzu. Tunda Aruna ya ce abin yana da daɗi, ka tambaye shi da sauran masu keke me suke so, ka rubuta masa. Ko ba komai, aikin ya zama na gaske kafin ƙaryar ta fashe.

Allah ya shirye ka, ni na gaji.
Yayarka Fulera

*

Salaga, 20 ga Sha'aban

Daga Alhaji Garuba zuwa ga Malam Mahama. Gaisuwa da fatan alheri.

Sirdi ya iso, na hau, jama'a sun shaida. Aikin hannu ne na gaske, ban faɗa don ka ji daɗi ba. Amma ka ce a faɗa maka kai tsaye, to ga shi.

Kwacciyar gaba a cire ta. Doki ta gefe ake sauka, keke kuwa in ya tsaya, gaba mutum ke zamewa ya dire ƙafa. Wani babban mutum da ba zan faɗi sunansa ba ya sha ƙasa a ƙofar masallaci. Geza ma a cire, akuyoyin Salaga ba su da tarbiyya.

Sai jan launin nan. Ranar Juma'a na hau da farar riga, na yi gumi, da na sauka yara suka bi ni suna nuna bayana. Har yau rigar ba ta dawo daidai ba.

Ɗinkin da ka bi ta tsakiya, mil biyar na farko ba ya komai, daga nan sai ya fara magana da mutum a inda bai kamata ba. Ko za a iya mayar da shi ƙasa?

Faɗin bayan ya yi daidai, a ƙara ma in da hali. Amma ya yi mini faɗi ƙwarai, yana goge mini cinya. Kuma in na ɗauro doya daga ƙauye, kwacciyar baya tana tokare kayan.

Ga ƙarafan sirdi uku a hannun Issah, tare da ladan aikinka. Ka ci abinci sosai, Malam. An ce mai aikin fata ba ya zama da koko kaɗai.

Alhaji Garuba

*

Yendi, 6 ga watan Azumi

Zuwa ga Alhaji Garuba, Allah ya ƙara lafiya. Barka da shan ruwa.

Takardarka ta zo. Kwana biyu ban taɓa ta ba, don shekara hamsin ina yin kwacciya ba wanda ya ce in sare. A rana ta uku na ari keken maƙwabci, na sa ɗansa ya hau ya sauka a gabana sau goma. Gaskiyarka ce. Na cire. Launi kuma na bar fatar yadda ta fito daga majema, na shafe ta da man kaɗe.

Amma Alhaji, a yi mini haƙuri. A layi ɗaya ka ce a ƙara faɗi, a na biye ka ce ya yi maka faɗi. Kana da loroci, kana kuma ɗauro doya a keke. Mutum nawa ne ke hawan keken nan? In yaranka ne ke hawa, ba abin kunya ba ne, amma a gaya mini. Sirdi ba tabarmar masallaci ba ne da kowa zai zauna. Ina so in san mai jiki ne ko siriri, mil nawa yake yi, hanyar tsakuwa ce ko yashi, da riga yake hawa ko da wando kawai. A tambaye su ɗaya-ɗaya, a rubuto da bakinsu, kada a gyara.

Na yi uku, kowanne da faɗinsa. A ba su su gwada, su zage ni in sun ga dama.

Wa ya gaya maka maganar koko?

Mahama baduku

*

Salaga, 15 ga watan Ƙaramar Sallah

Yaya Fulera, salamu alaikum, an yi Sallah lafiya? Na san kin ga ban zo Yendi ba. Na aika cewa zazzaɓi nake yi, kuma kusan gaskiya ne. Ba zan iya zama kwano ɗaya da shi yana ba ni labarin Alhaji Garuba ba.

Na rubuta masa cewa yaran Alhaji ne ke hawa, maganar koko kuma na ce Alhaji yana da kunne a ko'ina. Tun daga nan rumfata ta zama kotu. Da safe kafin in buɗe akwatin sifana sun taru, kowa da ƙararsa. Aruna yana son faɗi. Zibrim tela, wanda in ya juya gefe ba a ganinsa, yana son siriri, kuma har yau bai yafe maganar farar rigarsa ba. Masu zuwa ƙauye suna son taushi, masu yawon gari suna son kyau. Ni ina zaune da alƙalami kamar magatakarda, in na gyara wa mutum magana ya ce a'a, tsohon ya ce da bakinmu.

Da ruwan sama ya sauka sai sabuwa ta fito. Audugar rimi tana shan ruwa. Zibrim ya bar kekensa a waje, kwana uku duk inda ya zauna sai ya bar shaida. Aruna ne ya ce a shimfiɗa tsohuwar robar cikin taya tsakanin fata da auduga. Na yi kwana biyu ina jin tsoron rubutawa, kin san Kaka da roba. Amsarsa layi ɗaya ce: “Roba ba ta shiga aikina.” Bayan kwana goma sai ga sirdi. Muka zuba masa buta guda, ruwa ya gangare. Na leƙa ciki, ga robar nan, ya ɓoye ta yadda ko aljani ba zai gani ba. Bai ce komai a kai ba, ni ma ban bar Alhaji ya ce ba.

Abin da ke damuna, kowanne ya zo da wannan bakin da ba a ɗinke ba. Duka, Yaya, gefen hagu, yatsa huɗu. Ina ta liƙewa ba na faɗa wa kowa. Anya mantuwar nan ba wani ciwo ba ne? In na tambaya, tsoro nake kada ya ji kunya.

Yanzu mutum ashirin da uku ke jira. Kullum Issah ya tsaya da mota, sai in ce yau Kaka ne zai sauko. Na rame, wandona sai da igiya.

Ga ɗaya na aiko miki. Ki ba wata mai keke cikin matan kasuwarku ta gwada, don na ga Bawku mata sun fi mu hawa.

Ki yi mini addu'a, ko da ta zagi ce.
Sumaila

*

Bawku, 3 ga watan Bawan Salloli (Zulƙida)

Sumaila, gaisuwa. Yara suna gaida kawunsu maƙaryaci.

Na ba Atikatu, mai kawo albasa daga bakin fadama. Sati biyu tana hawa. Ta ce a gaya wa mai yin sa Allah ya yi masa albarka, amma da gani bai taɓa ɗaura zane ba. Hancin ya yi tsawo, zane yana kamawa, sai mace ta tattare har gwiwa a tsakiyar kasuwa. A rage hanci, a ƙara baya. Kuma a sa ɗan madauki a baya inda yaro zai riƙe in an ɗora shi, don yanzu rigar uwa yake ja. Mata shida sun ce in an gyara suna so. Ka rubuta yadda ta faɗa, har da maganar zanen.

Ga wadda ba za ka so ba. Kawu Osman ya bi direbobin da ke zuwa Salaga ɗaya-ɗaya yana tambayar Alhaji Garuba. Ba wanda ya taɓa ganin lorinsa ko ɗaya. Na ce masa manyan mutane ba sa zaman tasha. Ya dube ni ya ce mai lori ba ya ɓuya wa direba. Yana zaton wani ɗan damfara ne ke wasa da tsoho, ya ce in ya kama shi sai an raba su. Ɗakin nan kuma bai ba kowa ba, jiya ma ya sa an share.

Lokaci yana ƙurewa, ƙanina.
Fulera

*

Yendi, 1 ga watan Babbar Sallah

Zuwa ga Alhaji Garuba, Allah ya ƙara girma, ya nuna mana Sallah lafiya.

Na matan Bawku na gama biyu. A gaya wa mai maganar zane ta yi gaskiya, ban taɓa ɗaurawa ba. Na sa Damata matata ta zauna a kai a tsakar gida, ta yi mini dariya har da hawaye, amma ta nuna mini inda zan rage.

Yanzu sai maganar da nake ta jira ka tayar, ba ka tayar ba. Ka lura duk sirdin da na aiko akwai baki a hagu da ban rufe ba. Ba mantuwa ba ce. Haka ubana ya koya mini, shi ma haka aka koya masa. Ba a rufe sirdi sai mai shi ya zauna a kai a gaban baduku. In ya zauna, a ga inda ya nutse, a ƙara auduga nan, a rage can, sannan a ɗinke. Wanda ba a yi masa haka ba, ba a gama shi ba. Wata biyar ke nan aikina yana yawo a Salaga ba a gama ba, abin yana hana ni sukuni.

Don haka zan zo. Ranar Alhamis, mako guda bayan Sallah, a motar Issah. Na yi naka na musamman, wanda duk abin da aka koya mini a watannin nan yana cikinsa. Ba zan ci maka lokaci ba, ka zauna, in duba, in ɗinke. Ɗana Osman zai zo daga Bawku ya raka ni, yana da shakka a ransa, ina so ya gan ka da idonsa ya bar ni da rumfata. Na'ibin limanmu da dattawa biyu ma sun ce za su biyo ni su yi maka godiya, don na faɗi alherinka a masallaci.

In ba nauyi, a sanar da jikan nan nawa. Ina so ya ga yadda ake rufe sirdi.

Allah ya kai mu.
Mahama baduku

*

Salaga, 11 ga watan Babbar Sallah

Yaya, ba gaisuwa yau, ki yafe. Zai zo ranar Alhamis, da Kawu, da na'ibi, da dattawa biyu. Naman Sallah ko ɗanɗanawa ban yi ba.

Bakin nan da nake liƙewa, da gangan yake barinsa. Ni ne jahilin. Jiya na bi kekuna ina ɓamɓare solushan da wuƙa.

Na fara rubuta cewa Alhaji ya rasu. Na kai rabi na tuna Kaka zai taso rabin Zongon Yendi su zo ta'aziyya, su tambayi kabari. Na yaga. Na roƙi Aruna ya sa rawani ya zama Alhaji na awa ɗaya, dole na gaya masa komai, sauran ma suka ji. Suka yi dariya har Zibrim ya zauna a ƙasa. Aruna ne ya fara dainawa. Ya ce mini, “Mutumin da ya raba ni da ciwon baya, ba zan zauna a gabansa in yi masa ƙarya ba. Amma zama kam, zan zauna.”

Amsarki ba za ta iso ni kafin ranar ba. Akwai takarda ɗaya da ta rage, Issah zai tashi jibi. In kin ga an shigo da Kaka Bawku da basillu a tsumma, ni na jawo.

Sumaila

*

Salaga, 13 ga watan Babbar Sallah

Zuwa ga Malam Mahama baduku. Salamu alaikum. Na yi baƙaƙen nan manya-manya don ka karanta kai kaɗai, kada ka kira maƙwabci.

Babu Alhaji Garuba. Babu lori, babu Makka sau huɗu, babu mutumin Gushegu. Da wasa aka fara, don a sa ka taɓa keke a yi maka dariya ranar Sallah. Wanda ya fara bai san ka naɗe basillunka ba. Da ya sani, sai ya rasa hanyar komawa.

Amma a maganar sirdi, ban da sunan, ba a ƙara maka ƙarya ko ɗaya ba. Wanda ya faɗi a ƙofar masallaci Aruna ne. Mai farar riga Zibrim ne. Mai zane Atikatu ce. Ladan da ke zuwa, daga aljihunsu yake fitowa. Mutum ashirin da uku ne a Salaga, shida a Bawku, kuma na Salaga duk sun san gaskiya yanzu, ba wanda ya ce a mayar masa da sirdin Bature.

Ranar Alhamis na Salaga za su jeru a tasha da kekunansu tun safe. Na buɗe bakin kowane sirdi yadda ka bar shi. Sun ce za su zauna ɗaya-ɗaya a gabanka har ka gama, ko da za a kai magariba. Aruna ya ce shi ne farko, don shi ya fara shan ƙasa.

Na'ibi da dattawa, ka bar su a gida in ka ga dama, ko ka zo da su in faɗa a gabansu da bakina, kunyar tawa ce ba taka ba. Kawu Osman kuma ya ce sai an raba shi da ɗan damfarar. Zan tsaya inda zai same ni.

In ba ka sauko daga motar Issah ba, na gane, kuma ba zan ce komai ba. Sai dai ina roƙo, kada ka mayar da basillun ƙarƙashin gado saboda ni.

Ka ce ban taɓa rubuto maka ko layi ɗaya ba. Wata biyar ke nan ina rubuto maka, Kaka. Ina so in ga yadda ake rufe sirdi.

Mai gyaran keke kusa da tasha, mai bakin da ya yi yawa,
jikanka Sumaila